Gani Ya Kori Ji: Mushtari da Watanninsa a Samaniyar Gombe

A cikin garin Gombe da ƙauyukan da ke kewaye da shi, da wuya a sami dattijon da za a tambaye shi inda Kaza da 'ya'yanta take a sama ya kasa nunawa. Manomi ya san in ta fara faɗuwa yamma da almuru, to, bazara ta yi nisa, lokacin sharar gona ya yi. Makiyayi ya san Gamzaki, ya san fitowarsa alama ce ta gabatowar asuba. Amma a tari ɗalibin sakandare wanda ya haddace sunayen duniyoyi takwas da ke zagaya rana, har ya ci jarrabawa a kansu, a ce ya ɗaga kai ya nuna ko guda ɗaya daga cikinsu, sai a ga ya yi tsuru-tsuru. Ga wanda ya san sama bai san littafin makaranta ba, ga wanda ya san littafin bai san sama ba, sau da yawa kuwa gida ɗaya suke kwana.

Cike wannan giɓi ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Ƙaramin madubin hangen nesa ya isa, kai, ko da tabaron hangen nesa mai ido biyu irin wanda maharba da masu kallon sukuwa ke ratayawa a wuya, sai littafin rubutu da fensir, sai kuma haƙurin mako guda. Da waɗannan kaɗai yaro zai ga abin da ya girgiza malaman Turai shekara 400 da suka wuce, ya kuma auna shi da kansa.

YADDA AKE GANE MUSHTARI

Abu na farko shi ne a san wanda ake nema. Mushtari, wanda Turawa ke kira Jufita, shi ne babba cikin duniyoyin da ke zagaya rana. Faɗinsa ya kai kilomita 143,000, watau ya ninka na wannan duniya sau 11, kuma yakan ɗauki shekara 12 ba kaɗan kafin ya kewayo rana sau ɗaya. Mutane da yawa duk tauraron da suka gani yana haske ƙwarai kusa da wata sai su ce Zara ce. Wani lokaci ita ce, wani lokaci kuwa Mushtari ne, kuma bambance su ba shi da wuya. Zara, wadda malamai ke kira Zuhra, ba ta nisa da rana: ko dai a gan ta yamma bayan magariba, ko gabas kafin fitowar rana, ba a taɓa ganinta tsakar ka da tsakar dare. Saboda haka in dare ya raba, aka ga wani farin tauraro can bisa wanda ya fi sauran haske, kuma haskensa a tsaye yake ba ya ƙyaftawa kamar nasu, to, Mushtari ne.

Kowane wata 13 duniya takan ratsa tsakaninsa da rana. A lokacin yakan fito gabas daidai faɗuwar rana, ya kwana a sama, ya faɗi da asuba, kuma a nan ne ya fi kusa, kimanin kilomita miliyan 600. Bisa lissafin masana, wannan ya faɗo a watan Disamba na 2024, da Janairu na 2026, sai kuma Fabrairu na 2027. Wata biyu kafin wannan lokaci da wata uku bayansa duk lokacin kallo ne mai kyau.

A wannan sha'ani Allah ya yi wa mutanen Gombe gata. Garin yana digiri 10 ne kawai arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka hanyar da duniyoyin nan ke bi a sama takan ratsa kusan ta bisa kan mutum. Ko a shekarar da Mushtari ya fi karkata kudu, yakan hau digiri 56 a samaniyar Gombe, alhali kuwa a irin wannan shekara mai kallo a birnin London bai fi ya same shi a digiri 15 ba, yana fama da hayaƙi da rufin gidaje. Ga shi kuwa iyakar hawan tauraro, iyakar ƙarancin iskar da haskensa zai keto, iyakar kyan ganinsa.

ABIN DA GALILIYO YA GANI

A shekarar 1608 aka fara ƙera madubin hangen nesa a ƙasar Holan. Labari ya kai wa wani malamin lissafi na Jami'ar Paduwa a Italiya, mai suna Galiliyo, shi ma ya ƙera nasa, ya yi ta gyarawa har ya kai yana kusanto da abu wajen sau 20. Ranar 7 ga Janairu, 1610, ya auna shi ga Mushtari, sai ya ga wasu 'yan ɗige-ɗige uku masu haske a jere kusa da shi. Ya zaci taurari ne na can nesa. Kashegari ya duba, ya ga sun sake wuri. Ranar 13 ga wata ya ga na huɗu. Ya yi ta zana matsayinsu dare bayan dare, har ya tabbata waɗannan ɗige-ɗige watanni ne, suna zagaya Mushtari kamar yadda wata ke zagaya duniya. Cikin watan Maris na wannan shekara ya buga abin da ya gani a wani ɗan littafi.

Dalilin da ya sa maganar ta tā da ƙura shi ne, har zuwa lokacin yawancin masana sun tafi a kan cewa kome da ke sama duniya yake zagayawa, ra'ayin da suka gāda daga mutanen Yunan. To, ga abubuwa huɗu a fili suna zagaya wani abu dabam. Wanda ya yi gardama, amsarsa ɗaya ce: zo ka sa ido. Abin lura ga mai karatu a nan shi ne, madubin Galiliyo bai kai tabaron hangen nesa mai kyau na wannan zamani tsabtar gani ba.

Sunayen watannin huɗu, daga na kusa zuwa na nesa, su ne Iyo, Yuropa, Ganimid da Kalisto. Iyo yakan gama zagayensa cikin awa 42 da rabi, Yuropa kwana 3 da rabi, Ganimid kwana 7 da 'yan awoyi, Kalisto kuwa kwana 17 ba kaɗan. Ganimid, mai faɗin kilomita 5,268, shi ne wata mafi girma da aka sani a kewayen rana, har ya fi duniyar Uɗaridu faɗi. A shekarar 1979 kumbon Amurka mai suna Voyager 1 ya aiko da hotunan duwatsu masu aman wuta a kan Iyo. Yuropa kuwa ƙanƙara ce ta lulluɓe shi, masana suna da hujjoji masu ƙarfi cewa akwai teku a ƙarƙashinta, shi ya sa cikin Oktoba na 2024 aka harba kumbon Europa Clipper, wanda aka tsara zai isa can a 2030. Yanzu an ƙidaya wa Mushtari watanni fiye da 90, amma sauran duk ƙanana ne, waɗannan huɗun su ne rabon mai ƙaramin madubi.

AIKIN MAKO GUDA

Ga yadda malamin makaranta ko mai gida zai yi da yaransa. A sami tabaron hangen nesa wanda aka rubuta 7x50 ko 10x50 a jikinsa. Lamba ta farko yawan kusantarwa ce, ta biyu faɗin gilashin gaba ne da milimita. Hannu yana rawa, saboda haka a ɗora tabaron bisa katanga, ko turmi da aka kife a kan tebur, ko a ɗaure shi a jikin sanda. In ya tsaya cik, za a ga Mushtari kamar ƙwayar gero mai haske, da 'yan ɗige-ɗige a jere a gefensa. Sai kowane yaro ya zana da'ira a littafinsa, ya sa ɗigo a inda ya ga kowane wata, ya rubuta rana da lokaci. Gobe a sake, a layin da ke ƙasa da na jiya, jibi ma haka.

Kafin mako ya zagayo, yaron zai ga ɗigon da ya fi haske ya tafi gabas, ya komo, ya wuce yamma, ya sake dawowa inda ya fara: ya auna zagayen Ganimid ke nan da hannunsa. Wani daren zai tarar uku ne kawai, ko biyu. Zai tambaya ina sauran, daga nan sai a bayyana masa cewa wani ya ɓuya bayan Mushtari, ko ya gitta ta gabansa, ko ya shiga inuwarsa. Wanda ya ga wannan da idonsa, ranar da aka yi husufin wata ba sai an sha wahalar yi masa bayani ba, gama ya riga ya ga wata ya shiga inuwar uwar ɗakinsa ya fito lafiya.

Kada a raina wannan ɗan aiki. Da irinsa ne wani masani ɗan ƙasar Danmak mai suna Ole Roma, yana aiki a Faris, ya lura cewa husufin Iyo yakan zo da wuri in duniya tana kusa da Mushtari, ya makara in ta yi nisa. A shekarar 1676 ya ba da dalili: haske ma tafiya yake yi, yana kuma cin lokaci. Yau an san yana gudun kilomita 300,000 cikin daƙiƙa guda. Hasken Mushtari da ke shiga idon mai kallo a unguwar Pantami ko Jekadafari ya yi wajen minti 33 ko fiye a hanya.

Wanda Allah ya hore masa madubin hangen nesa sosai, mai gilashin milimita 70 ko 80, zai ga fiye da haka. Zai ga Mushtari ya zama faifai, da ratsi biyu masu duhu sun gitta shi kamar saƙar zane, waɗanda gizagizai ne. Zai ga faifan ya ɗan baje ta tsakiya, domin wannan ƙaton abu yana juyawa a kan kansa cikin ƙasa da awa 10. Mai madubin da ya wuce milimita 100, in iska ta kwanta, yana iya hango jan tabon nan, wata guguwa da ta fi wannan duniya faɗi, wadda aka fi shekara 150 ana kallonta ba ta lafa ba.

KAZA DA SAURAN GUNGUN TAURARI

In an gama da Mushtari, sai a juya tabaron ga Kaza. Ido yakan ƙirga shida ko bakwai. Da tabarau sai a ga taurari gommai, farare masu ratsin shuɗi, sun cika gilashin. Galiliyo ya zana 36, masana kuwa yanzu sun ƙidaya fiye da 1,000. Zamansu wuri ɗaya ba dace ba ne, tare aka halicce su daga gajimaren iska da ƙura guda, kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce, kuma tare suke tafiya. Ashe sunan da Bahaushe ya raɗa musu ya dace ƙwarai. Nisansu tafiyar haske ce ta shekara 440. Watau hasken da ake gani a daren yau ya baro can tun zamanin da Mai Idris Aloma ke sarautar Barno, shekara 200 da ɗoriya kafin Modibbo Buba Yero ya kafa masarautar Gombe.

Kaza takan fito gabas da magariba cikin watan Nuwamba, ta ratsa tsakar ka da tsakar dare. Zuwa ƙarshen Afrilu tana faɗuwa jim kaɗan bayan rana, cikin Mayu ta ɓace, sa'an nan ta sake bayyana da asuba wajen tsakiyar Yuni. Wannan tafiya tata ce manoma suka riƙa karantawa tun kafin zuwan kalandar takarda. Malaman zaure kuma sun san ta da sunan Surayya, ita ce ta uku cikin masaukan wata 28 da suke lissafin shekara da su, kowane masauki kwana 13, ɗaya daga ciki kwana 14, jimla 365, aka raba su bakwai-bakwai ga bazara, damina, kaka da ɗari.

Na huɗu cikin masaukan shi ne Dabaran, jan tauraron da ke bin Kaza a baya. A kewayensa akwai wani gungun mai siffar bakin kibiya, wanda nisansa shekara 150 ne na tafiyar haske, shi Dabaran kuwa bai fi 65 ba, a gaba yake, ido ne ya haɗa su. Masauki na takwas, Nasara, ido yakan gan shi kamar ɗan hayaƙi a dare mai duhu tsakanin Janairu da Afrilu, amma da an sa tabarau sai hayaƙin ya warware ya zama taurari wajen 40. Ɗalibin da ke da kaka mai lissafin taurari, ko malami a unguwarsu, ya kamata ya kai masa tabaron ya leƙa, ɗaya ya kawo suna da lokaci, ɗaya ya kawo nisa da dalili.

Akwai kuma gungun da mutumin London ba zai taɓa gani daga garinsu ba, sai ya yi tafiya. Shi ne Omega Santori, dunƙulen taurari wajen miliyan 10, wanda haskensa ya yi fiye da shekara 15,000 a hanya. Cikin watan Mayu, wajen ƙarfe 9 zuwa 10 na dare, in gari ya yi garau bayan ruwa, mutum ya fuskanci kudu sosai, ya miƙe hannu, ya auna dunƙulen hannu uku daga ƙasa zuwa sama. A nan zai ga wani abu fari-fari kamar sawun alli, girmansa a tabarau ya kusa na wata.

LOKACI, WURI DA LADABI

Lokacin da ya fi dacewa a ƙasar Gombe shi ne ƙarshen Oktoba da Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke, kafin hazon hunturu ya sauko. Cikin hazo ma ana ganin Mushtari, domin haskensa da ƙarfi, amma gungun taurari sai dare mai tsabta, wanda babu farin wata. Garin Gombe a kwari yake, fitilun titi da na shaguna kuwa sun yawaita tun da ya zama hedkwatar jiha a 1996. Watannin Mushtari ba ruwansu da wannan, ana ganinsu daga tsakar gida. Mai neman Nasara ko Omega Santori kuwa gara ya fita bayan gari, ko ya yi amfani da ziyarar da zai kai Dadin Kowa, Kashere, Kaltungo ko tsaunin Tula. A ba ido minti 20 ya saba da duhu, a ajiye tocila da waya, in ya zama dole a haska littafi sai a rufe bakin tocilar da jan ƙyalle. Mai wayar zamani yana iya duba manhajar Stellarium tun kafin ya fito, ta nuna masa inda kome yake.

Sa'an nan akwai gargaɗi uku. Na ɗaya, kada a kuskura a dubi rana da tabarau ko madubi, ko da na ƙiftawar ido ne, domin makanta ce wadda ba ta da magani. A ja wa yara kunne ƙwarai. Na biyu, madubi a bisa ƙafafunsa cikin duhu yana iya kama da makami ga wanda bai san shi ba, a yankin da ya sha fama da rashin tsaro. A sanar da mai unguwa da 'yan sintiri tun da rana, a gayyace su su ma su leƙa. Na uku, kada a hau soro ko bene da tabarau a tsakiyar gidajen mutane, maƙwabci ba zai yarda taurari ake kallo ba. Filin makaranta ko filin idi ya fi.

Wani zai ce wannan ai duba ne. Ba shi ba ne. Mai duba yana da'awar sanin abin da zai sami mutum gobe. Mai kallon nan kuwa iyakarsa ya faɗi inda Iyo zai kasance jibi da ƙarfe 9, in ya yi kuskure kowa na iya sa ido ya ƙaryata shi. Irin wannan ilmi ne malaman Musulunci suka yi fice a kansa: Abdurrahman Assufi ya rubuta littafinsa na taurari a shekarar 964, har yau kuma sunayen taurari da yawa a bakin Turawa Larabci ne. Da shi ake gane alƙibla da lokutan salla. Kowace shekara kwamitin ganin wata na Mai Alfarma Sarkin Musulmi yana bukatar shaidun da suka san inda jinjirin wata zai tsaya da siffar da zai ɗauka, saurayin da ya saba da sama tun yana yaro shi ne zai fi amfani a nan, hukunci kuwa na malamai ne.

Wani kuma zai ce, ina amfanin ɗan madubi alhali manyan ƙasashe na da na miliyoyin kuɗi? Ranar 19 ga Yuli, 2009, wani mutumin Ostareliya mai suna Antoni Wesli, wanda kallon sama sha'awa ce kawai gare shi, ya hango wani baƙin tabo a jikin Mushtari da madubinsa na gida. Ya ba da labari, manyan madubai suka juya, aka tabbatar wani abu ne ya faɗa wa Mushtari. Masu manyan na'urori ba su iya tsare ko'ina kowane dare.

Nijeriya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya a 1999, ta kuma mallaki tauraron ɗan Adam na farko a 2003. Waɗanda za su riƙe wannan aiki gobe suna aji yanzu. Gombe tana da Kwalejin Ilmi ta Tarayya tun 1977, da Jami'ar Jiha tun 2004, da ta Tarayya a Kashere tun 2011. In kowace ta ware dare ɗaya a wata ta fito da madubi fili, ta kira ɗaliban sakandare da almajirai da iyayensu, in kuma ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da masu hannu da shuni suka sai wa makarantunsu tabarau ko da guda bibbiyu, to, cikin 'yan shekaru za a sami yaran da za su ɗaga hannu su nuna Mushtari, su kuma faɗi sunan watan da ya ɓuya a bayansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, wannan fili zai duba Zuhalu da zoben da ya kewaye shi.